Ɗalibi mai sikila, asma ko farfaɗiya: me malamin aji zai yi?

Tambayoyin nan sun shafi malaman boko da na Islamiyya a unguwanninmu na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12. Malami ba likita ba ne, amma dokokin da ya kafa a aji suna iya tayar wa yaro da ciwo ko su sauƙaƙa masa.

Yaro mai sikila kullum yana neman izinin fita fitsari. Ba wayo ba ne?

A'a. Ƙodar mai sikila ba ta riƙe ruwa yadda ya kamata, shi ya sa fitsari ke yawan matsa masa. In kuma ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa, ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ne ciwon ƙashi mai tsanani ke tasowa. Don haka a bar masa gorar ruwa a kan benci, ya fita ba tare da dogon bayani ba. Tsallen kwaɗo da durƙuso a rana ba horonsa ba ne. Haka ruwan saman Yuni da Yuli: in ya iso a jiƙe, a nema masa busasshiyar riga kafin a tambaye shi dalilin latti.

Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji, ko hannu da ƙafa na ɓangare ɗaya su saki, ko magana ta sarƙe, duk na asibiti ne nan take, ba na jiran tashi ba. Lamarin ba ƙarami ba ne, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a shekara. Cibiyar Sikila ta Ƙasa kuwa tana nan Idi-Araba, dab da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH).

Mai asma fa?

Maganin shaƙarsa ya zauna a aljihunsa, ba a kulle a durowar hedimasta ba. In numfashi ya ƙwace, a zaunar da shi, kada a kwantar, ya shaƙi maganin. A cire shi daga masu shara da goge allo, a nisanta bencinsa daga tagar da hayaƙin janareta ke shigowa.

In farfaɗiya ta kayar da ɗalibi, gaskiya ne yawunsa na yaɗa ciwon?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan camfi ne ke sa yara su watse su bar ɗan'uwansu yana buga kai a siminti. A janye benci, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe guda. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa manja ko ruwa, kada a danne shi. A duba agogo: in jijjigar ta wuce minti 5, a kira lambar gaggawa, 112 ko 767. Mai son yin addu'a ya yi, amma ba ta hana shan maganin likita ba.

Iyaye ba su faɗa mini ba. Yaya zan sani?

Nan ne matsalar take. Da yawa suna ɓoyewa don gudun tsangwama, musamman in 'ya mace ce, ana tunanin aurenta tun tana firamare. Ka keɓe da uban ko uwar, ka tabbatar musu maganar ba za ta fita ba, sannan ku rubuta a takarda ɗaya: sunan ciwon, maganin da yake sha, abin da ke tayar masa, da wanda za a kira. Kada ka sanar da aji sai da yardar yaron.

Mai ciwon suga ya dage sai ya yi azumi?

Likitansa ne zai yanke, kuma Alƙur'ani ya ba marar lafiya rangwame. In ka ga yana gumi da karkarwa, hankalinsa na gushewa amma yana iya haɗiya, ba shi lemo mai zaƙi ko sukari, ka kira gida.