Me ake nufi da harshen Sabiya-Kuroshiya?

Duk watan Mayu, idan gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wato Eurovision, ta zagayo, sai sunan harshen Sabiya-Kuroshiya ya sake yawo a kafafen labarai, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu masu sharhi ke ɗaukarsa gaurayen harsuna biyu, wasu kuma su kira shi harshen Yugoslabiya, tsohuwar tarayyar da ta haɗa Sabiya da Kuroshiya da wasu maƙwabtansu. Duka biyun kuskure ne. A Yugoslabiya mutanen Sulobeniya da na Masedoniya suna da nasu harsunan daban. Shi kuwa wannan harshe ɗaya ne da Sabiyawa da Kuroshiyawa da Bosniyawa da mutanen Montenegro ke magana da shi, kuma an gina daidaitaccensa a kan karin da ake kira Shtokabiya, daga kalmar "shto", wato "me".

A 1989, a birnin Lausanne na Siwizalan, rukunin mawaƙa na Riva daga garin Zadar na Kuroshiya ya ci wa Yugoslabiya gasar da waƙar "Rock Me" da maki 137, nasara ɗaya tilo da Yugoslabiya ta taɓa samu. Sunan waƙar Turanci ne, amma baitocinta da harshen gida aka rera su, domin dokar gasar a lokacin ta wajabta wa kowace ƙasa yin waƙa da harshenta, kuma an rubuta harshen a matsayin Sabiya-Kuroshiya. Zagreb, babban birnin Kuroshiya, ta karɓi baƙuncin gasar a 1990, Kuroshiya ta ɓalle daga Yugoslabiya a 1991, sai ga baitocin nan, ba tare da an sauya musu harafi ko ɗaya ba, sun koma "Kuroshiyanci". Da mawaƙiyar Sabiya Marija Šerifović ta yi nasara da "Molitva" a Helsinki a 2007, Sabiyanci aka kira harshenta, alhali mai sauraro a Zagreb ko Sarayebo, babban birnin Bosniya, bai nemi tafinta ba.

Bambanci akwai shi: madara a Belgrade, babban birnin Sabiya, "mleko" ce, a Zagreb "mlijeko", kuma Sabiyawa na amfani da haruffan Sirilik (irin na Rashanci) tare da na Latin. Amma Bahaushen Damagaram da ke rubuta ƴ inda na Kano ke rubuta 'y bai fita daga Hausa ba. Ina girmama raɗaɗin yaƙin wargajewar Yugoslabiya da ya sa kowace al'umma ta riƙe sunanta, sai dai a ganina siyasa ce ta raba sunayen, kuma haka masana da marubutan ƙasashen huɗu suka bayyana a sanarwarsu ta 2017 cewa harshen ɗaya ne mai daidaitattun nau'o'i huɗu.