Fastar fim ɗin ɗalibai: tambayoyin da ake yawan yi a Samaru

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, kan sha wahala wajen ɗaukar gajeren fim da tace shi, amma sai ana gobe za a haska shi ake tunawa da fasta. Wannan sakacin na damuna, don fastar ce ke kawo 'yan kallo.

Fuskokin 'yan wasa nawa za mu sa?

Ɗaya, in ta kama dole biyu. Masu finafinan Kannywood na jera jarumai a fasta ne saboda fuskokinsu ke sayar da fim. Ku kuwa, daga an fita ajinku ba wanda ya san 'yan wasanku, sai labarin ne zai ja mutum. Wanda ke wucewa cikin Keke Napep ta bakin babbar ƙofar jami'a kallo ɗaya zai yi wa bango. In fim ɗin a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar ne, hannu mai lalle riƙe da jakar makaranta ya wadatar. Sauran 'yan wasa za su yi ƙorafi, na sani. A ba su haƙuri, a jera sunayensu a ƙasa.

Za mu iya ciro hoton daga cikin fim ɗin?

Kada ku yi. Hoton da aka ciro daga bidiyo mai ƙarfin 1080p fiksel 1920 ne sau 1080, alhali takardar A3, mai santimita 29.7 da 42, na buƙatar kusan 3508 sau 4961 kafin ta fito tas. In aka ja shi ya cika takardar, fuska sai ta yi dishi-dishi. Tun ranar ɗauka a ware mutum ɗaya ya riƙa ɗaukar hotuna a tsaye.

Me ya sa kalar da muka gani a waya ba ita ke fitowa a takarda ba?

Waya haske take haɗawa, wato RGB, injin ɗab'i kuma tawada huɗu yake gaurayawa, CMYK. Shi ya sa shuɗi mai ƙyalli kan dushe. Kafin ku biya kuɗin duka a Sabon Gari, a buga guda ɗaya ku fita da ita rana ku duba. Yawancin masu ɗab'i da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, tana kuma buɗe PDF, don haka ku kai musu PDF, ku bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Ku kuma lura da ƙ, ɗ, ɓ: salon haruffa da yawa ba su da su, sai a ga ɗan akwati a tsakiyar sunan fim. In ta WhatsApp za ku tura, ku tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton.

Wa zai zana mana?

Sashen zane-zane na nan kusa da ku, a garin da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zaria Art Society a 1958. Ku nemi ɗalibi a can tun fim bai kammala ba, ku ba shi labarin ya karanta.

Me za a rubuta a jiki?

Sunan fim da manyan haruffa, sai rana, lokaci da wuri, ko Drama Village ne, wato dandalin wasan kwaikwayo na jami'a, ko wani ɗakin taro, sannan kyauta ne ko da kuɗin shiga. In da yamma ne, ku rubuta "bayan Magariba" kusa da ƙarfen.