Sake amfani da lambar rigar tsohon ɗan wasa a hokin ƙanƙara

Sake amfani da lambar riga shi ne a bai wa sabon ɗan wasa lambar da wani ya taɓa sawa a ƙungiyar kafin shi. A NHL, babbar gasar ƙwararru ta hokin ƙanƙara, wadda aka kafa a 1917 kuma take da ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka, haka akasarin lambobi ke yi: mai ita ya tafi, wani ya ɗauka, ba wanda ya ce uffan. Ce-ce-ku-ce na tashi ne idan lambar ta wani gwarzo ce, ko ta wanda mutuwa ko mummunan rauni ya raba shi da wasa.

Lambobin da ake magana a kansu iri uku ne. Akwai wadda ƙungiya ta jingine a hukumance, aka yi biki, aka rataye tuta mai ɗauke da ita a rufin zauren wasa. Akwai wadda aka karrama mai ita amma ana ci gaba da rabawa. Sai wadda ba a taɓa sanar da komai a kanta ba, sai dai kowa a ƙungiyar ya san ba a bayar da ita. In ban da lamba 99, hukumar gasar ba ta sa baki. Masu ƙungiya ke yanke hukunci, kodayake sau da yawa iyalan tsohon ɗan wasan da magoya baya kan sa su canja shawara.

Asali

A shekarun farko lamba ba ta wuce alamar gane ɗan wasa ba. Mai tsaron raga na farko kan sa 1, masu tsaron baya su bi da ƙananan lambobi, 'yan gaba su biyo. Ana ba da labarin cewa a zamanin tafiya a jirgin ƙasa da lambar riga ake raba gadajen kwana, masu ƙananan lambobi su samu na ƙasa, shi ya sa tsofaffin 'yan wasa ke riƙe su da kyau.

Jingine lamba ya soma ne da wani mummunan haɗari. Ranar 12 ga Disamba 1933, a Boston, Eddie Shore na ƙungiyar Bruins ya bangaji Ace Bailey na Toronto Maple Leafs ta baya. Bailey ya faɗi kansa ya bugi ƙanƙara, ƙoƙon kan ya tsage. An yi masa tiyata, ya kwana da yawa rai a hannun Allah, ya kuma tashi, amma bai sake buga wasa ba. Ranar 14 ga Fabrairu 1934 aka shirya wasan tara masa kuɗi a Maple Leaf Gardens, tsakanin Toronto da zaɓaɓɓun taurarin sauran ƙungiyoyi. A nan ya miƙa wa Shore hannu suka gaisa a gaban jama'a, a nan ne kuma mai ƙungiyar, Conn Smythe, ya ce ba ɗan Toronto da zai ƙara sa lamba 6. Galibi ana ɗaukar wannan a matsayin karo na farko da aka jingine lamba a wasannin ƙwararru na Arewacin Amurka.

Abin lura shi ne lambar farko da aka jingine ita ma ta koma fili. A 1968 Bailey da kansa, wanda a lokacin yake aikin kula da agogo a zauren wasan Toronto, ya roƙi a bai wa Ron Ellis, matashin da salon wasansa ya burge shi. Ellis ya bar lamba 8 ya ɗauki 6, ya sa ta har ya daina wasa a 1981, sannan aka mayar da ita ajiya.

Boston ta jingine lamba 3 ta Lionel Hitchman a 1934 ɗin. Montreal Canadiens ta bi sahu a Nuwamba 1937 da lamba 7 ta Howie Morenz, wanda ya karye a ƙafa a wasa cikin Janairun shekarar, ya rasu a asibiti ranar 8 ga Maris.

Tsarin Toronto

Toronto ta daɗe tana bin hanyar da ta sha bamban da ta kowa. Ƙa'idarta ita ce ba a jingine lamba sai ta wanda wata musiba ta katse wa wasa. Saboda haka shekaru da dama lambobi biyu kacal ke ajiye: ta Bailey, da lamba 5 ta Bill Barilko. Barilko ne ya ci wa Toronto ƙwallon da ya ba ta Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, na 1951 a ƙarin lokaci a kan Montreal. A watan Agustan shekarar ƙaramin jirgin saman da ya ɗauko shi daga kamun kifi ya ɓace a dazuzzukan arewacin Ontario. Sai a 1962 aka gano tarkacen, shekarar da Toronto ta sake ɗaukar kofin a karon farko tun bayan ƙwallon nasa.

Sauran manyan 'yan wasan kuwa karrama su ake yi da tuta, lambarsu ta ci gaba da yawo. Masu goyon bayan tsarin na cewa yana haɗa matasa da tarihin ƙungiya. Masu suka na ganin ƙwauro ne. An rufe babin ranar 15 ga Oktoba 2016, a bikin buɗe kakar cikar ƙungiyar shekara 100, inda aka jingine lambobi 11 na mutum 17 a dare guda. James van Riemsdyk, wanda ke sanye da 21 ta Börje Salming, ya koma 25.

Lamba ɗaya, mutum biyu

Idan ƙungiya ta yi jinkirin jingine lamba, wani gwarzon kan zo ya yi suna da ita, sai a wayi gari mutum biyu na da haƙƙi a kanta. Shida daga cikin lambobin Toronto haka suke, misali 27 ta Frank Mahovlich da Darryl Sittler.

Montreal ta jingine lambobi 15 domin mutum 18. Lamba 12 ta Dickie Moore ce da Yvan Cournoyer, 16 ta Henri Richard da Elmer Lach, 5 kuma ta Bernie Geoffrion da Guy Lapointe. Geoffrion surukin Morenz ne, 'yarsa ya aura. Ya rasu da safiyar 11 ga Maris 2006, ranar da aka sa za a ɗaga tutarsa, aka kuma yi bikin da daren kamar yadda aka tsara, tutar tasa kusa da ta surukinsa. Da jikansa Blake Geoffrion ya zo Montreal a 2012 ya tarar 5 da 7 duk suna rufi, sai ya haɗa su ya sa 57.

New York Rangers ta jingine 9 sau biyu a wata guda, Fabrairu 2009, domin Adam Graves sannan Andy Bathgate.

Miƙa lamba da neman izini

Labarin da aka fi maimaitawa na Boston ne. Phil Esposito ya sa lamba 7 a can har aka sayar da shi ga Rangers a 1975. A 1979 aka bai wa sabon yaro Ray Bourque lambar, ya kuma zama ɗaya daga cikin fitattun masu tsaron baya na gasar. Ranar 3 ga Disamba 1987, a bikin karrama Esposito, Bourque ya zo tsakiyar fili ya tuɓe rigarsa mai lamba 7 ya miƙa masa, sai ga wata a ƙarƙashi mai lamba 77. Da ita ya ƙarasa wasansa, kuma a 2001 Boston da Colorado duk suka jingine 77 ɗin dominsa.

Wani lokacin mai lambar ne ke yafewa. Da New York Islanders ta jingine 27 ta John Tonelli a Fabrairu 2020, kyaftin ɗin ƙungiyar Anders Lee ke sanye da ita, Tonelli ya ce a bar masa. A 2005 Bobby Hull ya amince a fito da lamba 9 da aka jingine da sunansa domin ɗansa Brett a Phoenix Coyotes, amma wasa biyar kawai Brett ya buga ya jingine takalmansa.

Inda ba a nemi izini ba, sai rigima. A 1983 Boston ta bai wa Guy Lapointe lamba 5 da ya saba da ita a Montreal, alhali tun 1947 an ajiye ta domin Dit Clapper. Iyalan Clapper da magoya baya suka yi ca, bayan 'yan wasanni Lapointe ya koma 27.

Lambobin da ba a sanar ba

Nan aka fi samun saɓani, domin babu takarda, babu tuta, sai al'ada. Wayne Maki na Vancouver Canucks ya rasu da cutar daji ta ƙwaƙwalwa a 1974 yana da shekara 29, aka ɗauke lambarsa 11 daga rabo. A 1997 ƙungiyar ta ɗauko Mark Messier, wanda da 11 aka san shi a Edmonton da New York, ta kuma ba shi. Iyalan Maki sun nuna rashin jin daɗi a fili. Abin ya ƙara zafi saboda Messier ne kyaftin ɗin Rangers da ta doke Vancouver a wasan ƙarshe na 1994, ga shi kuma ya karɓi kyaftin daga hannun Trevor Linden, ɗan lelen magoya baya. Kaka uku ya yi, ƙungiyar ba ta kai zagayen neman kofi ko sau ɗaya ba, kuma tun tafiyarsa a 2000 ba a sake bayar da lambar ba.

A Detroit Red Wings, mai ƙungiyar James Norris ya ajiye lamba 6 domin Larry Aurie a wajejen 1938. Wani ɗan'uwan Aurie, Cummy Burton, ya sa ta a shekarun 1950. Masu ƙungiyar na baya, iyalan Ilitch, ba su rataye mata tuta ba, kuma a wajejen 2000 aka cire ta daga jerin hukuma. Dalilin da aka bayar shi ne Aurie bai shiga zauren karrama gwarazan hoki ba. Duk da haka ba a bai wa kowa. Lamba 16 ta Vladimir Konstantinov ma tana ajiye tun haɗarin motar da ya nakasa shi ranar 13 ga Yuni 1997, kwana shida bayan Detroit ta ɗauki kofi. Philadelphia Flyers ba ta sake raba 31 ba tun rasuwar mai tsaron ragarta, Pelle Lindbergh ɗan Suwidin, a haɗarin mota a Nuwamba 1985.

Lamba 66 ta Mario Lemieux a Pittsburgh kaɗai aka jingine ta, a 1997. Aka sauko da tutar da ya dawo wasa a Disamba 2000, aka mayar a 2006. Amma 'yan wasan sauran ƙungiyoyi ma gudunta suke yi. Da Josh Ho-Sang ya sa ta a Islanders a 2017 wasu sun kira abin rashin kunya, shi ya ce girmamawa ce, Lemieux kuma ya ce bai ga laifi ba.

Ƙungiyoyin da suka yi ƙaura

Idan ƙungiya ta bar gari, tutocinta ba lallai su bi ta ba. Quebec Nordiques ta jingine 3, 8, 16 da 26; da ta koma Denver a 1995 ta zama Colorado Avalanche, duk aka mayar da su rabo. Wannan ya sa Paul Stastny ya samu sa 26 ta mahaifinsa Peter a Colorado, bayan John-Michael Liles ya bar masa ita.

Hartford Whalers ta koma Carolina a 1997. Lamba 2 ta Rick Ley da 19 ta John McKenzie sun koma fili, Glen Wesley ya ɗauki 2, kuma a 2009 aka sake jingine ta da sunansa shi. Lamba 9 ta Gordie Howe ce kaɗai ba a taɓa ba. Dallas Stars kuwa ta riƙe abin da ta gada daga Minnesota, inda ta baro a 1993, har da 19 ta Bill Masterton, wanda ya rasu a Janairu 1968 sakamakon raunin da ya ji a kai a cikin wasa.

Na Winnipeg ya fi sarƙaƙiya. Tsohuwar ƙungiyar garin, Jets, ta koma Phoenix a 1996 da tarihinta, sabuwar Jets ta 2011 kuma asalinta Atlanta ce, don haka a hukumance ba ta gaji komai ba. Amma mutanen gari ba su manta ba. Evander Kane sai da ya nemi amincewar Bobby Hull, gwarzon tsohuwar Jets, kafin ya ci gaba da sa 9, Bryan Little kuma ya bar 10 ya koma 18 saboda Dale Hawerchuk, wani gwarzon nata.

Lamba 99

Wayne Gretzky ya so lamba 9 ne saboda Gordie Howe, amma da ya je ƙungiyar matasa ta Sault Ste. Marie a 1977 ya tarar da mai ita, sai ya ninka ta. Wilf Paiement a Toronto da Rick Dudley a Winnipeg sun sa 99 a farkon zamaninsa. Ya daina wasa a Afrilu 1999, kuma ranar 6 ga Fabrairu 2000, a wasan taurari a Toronto, aka haramta wa dukkan ƙungiyoyi bayar da ita. Da yake an hana 0 da 00 tun ƙarshen shekarun 1990, abin da ya rage shi ne 1 zuwa 98.

Waɗanda ba na 'yan wasa ba

Minnesota Wild ta ajiye 1 domin magoya bayanta a 2000. Vegas Golden Knights ta ajiye 58 a 2018 domin mutum 58 da aka kashe a harbin Las Vegas na 1 ga Oktoba 2017, Seattle Kraken kuma 32 a 2021, kasancewarta ƙungiya ta 32.

A sauran wasanni

Gasar besbol ta Amurka ta jingine 42 ta Jackie Robinson a duk ƙungiyoyi a 1997, gasar ƙwallon kwando ta NBA ta yi haka da 6 ta Bill Russell a 2022. A ƙwallon ƙafa, Lyon ta ajiye 17 bayan rasuwar Marc-Vivien Foé na Kamaru a 2003, ta fito da ita a 2008 domin ɗan ƙasarsa Jean Makoun.