Manajan fuskar shiga

Manajan fuskar shiga manhaja ce da ke tarbar mai amfani da kwamfuta bayan tsarin aiki ya gama tashi, a Linux da sauran dangin Unix. Ita ce ke nuna gurbin suna da na kalmar sirri, ta miƙa abin da aka rubuta ga sashen tantancewa da ake kira PAM, idan ya dace kuma ta buɗe teburin aikin da mutum ya zaɓa, wato fuskar da ke ɗauke da tagogi da manhajojinsa. Matsayinta kamar na mai gadi ne a zaure: ba ita ce gidan ba, amma ta wurinta ake shiga. A Windows da macOS wannan fuska a haɗe take da tsarin, a Linux kuwa manhaja ce mai zaman kanta, ana iya cire ta a sa wata.

Tarihi

Asalin manhajar yana cikin tsarin taga na X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984. Manaja na farko, XDM, ya fito tare da fitowar X mai suna X11R3 a watan Oktoba na 1988, Keith Packard ne ya rubuta shi. A wancan zamani ba kowa ke da kwamfutar kansa ba. Jami'o'i da kamfanoni suna da babbar na'ura guda, ma'aikata da ɗalibai kuma suna zama gaban ƙananan tashoshi waɗanda ba su da komai sai fuska da madannai da wayar sadarwa. Don haka aikin XDM na farko shi ne aika fuskar shiga zuwa waɗannan tashoshi. A X11R4, wanda ya fito a ƙarshen 1989, aka ƙara ƙa'idar XDMCP, wadda ke bi ta ƙofar UDP mai lamba 177, ta yadda tasha za ta yi sallama a kan layi, babbar na'ura ta amsa. Wannan ƙa'ida ba ta ɓoye abin da ke wucewa ta cikinta, shi ya sa a yau take zuwa a kashe.

Da manyan teburan aiki suka bayyana a ƙarshen shekarun 1990, kowanne ya yi nasa manajan. KDE ta gina KDM a kan tushen XDM, GNOME kuma ta fito da GDM, wanda Martin K. Petersen ya fara. Tsohon GDM ya yi suna wajen karɓar ado, har mutane suka riƙa ƙera fuskoki suna rabawa kyauta. A wajajen 2008 aka sake rubuta shi daga tushe, wannan dama ta tafi, kuma masu son ado sun daɗe suna ƙorafi.

Robert Ancell ya fara LightDM a 2010 da dabara mai kyau: ya raba injin da ke tantancewa da fuskar da ake gani, wadda ake kira mai tarba, ta yadda kowane tebur zai iya ɗora tasa fuskar a kan inji ɗaya. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta ɗauke shi a fitowar 11.10, ta koma GDM a 17.10. Linux Mint ta bar nata MDM ta koma LightDM a 2017. SDDM, aikin Abdurrahman Avci, ya bayyana a wajajen 2013, kuma shi ya gaji KDM a zamanin Plasma 5, teburin KDE. An daina raya wani ƙaramin manaja mai suna SLiM kusan a wannan lokaci. Akwai kuma LXDM, da ƙanana irin su Ly da greetd.

Sakawa

A Debian da Ubuntu da Mint ana sakawa da umarnin sudo apt install lightdm, ko sddm, ko gdm3. Idan akwai wani manaja a ciki tun da farko, tsarin zai tambayi wanda za a riƙa amfani da shi. Ana iya sake zaɓe daga baya da sudo dpkg-reconfigure lightdm, kuma ana ajiye zaɓin a fayil ɗin /etc/X11/default-display-manager. A Arch da Fedora ana kashe tsohon da systemctl disable, a kunna sabon da systemctl enable. Guda ɗaya kawai ke iya riƙe matsayin display-manager.service a lokaci guda.

Saka GDM a kan na'urar da ba ta da GNOME yana janyo babban kaso na GNOME ɗin, abin da ya kamata mai sayen intanet da awo ya sani kafin ya danna.

Jerin teburan da manaja ke nunawa yana fitowa ne daga fayilolin da ke /usr/share/xsessions da /usr/share/wayland-sessions.

Ado da saiti

LightDM na karanta /etc/lightdm/lightdm.conf. A ƙarƙashin sashen [Seat:*] ake rubuta greeter-session don zaɓen mai tarba, hoton bango kuma ana sa shi a fayil ɗin mai tarbar, misali layin background a lightdm-gtk-greeter.conf. Kuskuren da ake yawan yi shi ne nuna hoton da ke cikin jakar gida ta mai amfani. Fuskar shiga tana gudana da wani asusu na daban wanda sau da yawa ba shi da izinin leƙa wannan jaka, sai bango ya fito baƙi. Maganinsa a kwafi hoton zuwa /usr/share/backgrounds.

SDDM yana ajiye adonsa a /usr/share/sddm/themes, ana zaɓa da layin Current a sashen [Theme], kuma ana iya gwada ado a cikin taga kafin a sake kunna na'ura. GDM shi ne mafi tsauri. Adonsa a ƙunshe yake cikin fayil ɗin GNOME Shell, duk gyaran da aka yi masa da hannu sabuntawa na iya share shi, sai dai yana yarda a ɓoye jerin sunaye, a sa tambari, ko a rubuta sanarwa ta hanyar dconf, ma'ajiyar saitin GNOME.

Madannai

Wannan matsala ce da ke iya taɓa masu amfani a wurare irin su Maradi. Makarantu da ofisoshin Nijar sun saba da madannai na Faransanci, AZERTY, amma kwamfutocin hannu da yawa da ke shigowa daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa QWERTY ne. A tsakanin biyun A da Q sun yi musanya, Z da W ma haka, M ta bar wurinta, lambobin layin sama kuma a AZERTY sai an riƙe Shift. Tunda kalmar sirri ɗigo-ɗigo take fitowa, mai shiga ba ya ganin abin da ke faruwa. Ɗalibi ya sa kalmar sirri "zaki2020" yana cikin teburinsa mai AZERTY, washegari ya kunna na'ura, fuskar shiga tana kan QWERTY, yatsunsa suka bi inda suka saba, na'ura ta karɓi "wqki" da wasu alamomi, ta ƙi buɗewa. A nan ne wasu ke kai kwamfuta wurin mai gyara a sake zuba tsarin gaba ɗaya, a yi asarar fayiloli, alhali layi ɗaya ne ke son gyara.

Dalili shi ne fuskar shiga ba ta bin saitin da mutum ya yi a cikin teburinsa, na tsarin duka take bi. A dangin Debian yana cikin /etc/default/keyboard, inda XKBLAYOUT="fr" ke nufin AZERTY, "us" kuma QWERTY. A wasu tsare-tsaren ana amfani da localectl set-x11-keymap. Yawancin masu tarba suna da ƙaramar alamar sauya madannai a kusurwa. Linux na da tsarin madannai na Hausa, amma ya fi kyau kada a sa ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a kalmar sirri, domin mai yiwuwa ba za a same su ba a lokacin shiga.

Shiga kai tsaye

Dukan manyan manajojin uku, LightDM da SDDM da GDM, suna yarda a tsallake kalmar sirri. Masu shagon buga takardu na son haka don sauri, masu kula da tsaro ba sa so.  

Idan fuska ta ƙi fitowa

Ado da ya lalace ko direban hoto da bai dace ba na iya barin fuska baƙa, ko ta riƙa mayar da mutum gurbin suna bayan ya shiga. Cikar faifai ma na jawo haka. Ana danna Ctrl da Alt da F3 tare don samun fuskar rubutu zalla, a shiga da suna da kalmar sirri, a duba rahoto da journalctl -b, sannan a mayar da tsohon saiti ko tsohon manaja.