Giya da jikin mutum: tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Aikin jinya nake yi a Kumasi, a Aboabo nake zaune. Ba a mako ba a tare ni a lungu an yi ƙasa da murya an tambaye ni zancen giya ba. Haramcinta malamai sun gama bayani. Nawa shi ne abin da take yi wa jiki.

Bitas ai magani ne, ko?

A'a. Giya ce aka jiƙa saiwoyi a ciki. Hanta ba ta san bambancinta da apio, giyar gargajiya mai ƙarfi, ba.

Me ke sa mai maye surutu da tangaɗi?

Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. Ta ciki da ƙaramin hanji take shiga jini, cikin mintoci ta hau kai. Wurin da ke riƙe kunya da hankali shi ne ke fara sanyi, sai baki ya buɗe. Can kuma ta taɓa ɓangaren ƙeya mai daidaita tafiya.

Ataya mai ƙarfi ko wankan ruwan sanyi na warware maye?

Ba sa yi. Hanta ce ke narkar da kusan dukkan giyar, kuma babbar kwalbar biya ɗaya tana cin mata awa 2 zuwa 3. Masu tuƙa pragiya, babur mai ƙafa uku, da ku nake. Idonka ya buɗe, amma hannunka bai dawo daidai ba, ga 'ya'yan mutane a bayanka.

Maigidana ya shekara goma yana sha kullum, yanzu ya tuba. Mu kulle shi a ɗaki har ta fita daga jikinsa?

Hajiya, Allah ya karɓi tubarsa, amma don Allah kada ku kulle shi. Amsar ta danganta da irin shan da yake yi. In jefi-jefi ne, ranar biki ko ƙarshen wata, yawanci zai bari cak ba abin da zai same shi sai ƙunci da rashin barci. Wanda kuwa yake sha kullum, musamman in hannunsa na karkarwa da safe sai ya kurɓa ya tsaya, ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki da nauyin giya a kanta. Aka janye nauyin rana ɗaya sai ta zabura. Daga awa 6 zuwa 24 gumi, amai da bugun zuciya kan fara. Cikin kwana biyun farko wasu kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Wajen kwana na biyu zuwa na huɗu ne mafi haɗari: ya ruɗe, jiki ya yi zafi, ya riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango. A nan mutanenmu ke cewa aljanu ne. Ku yi addu'a, ban hana ba, amma a hanyar asibiti, don wannan halin yana kisa.

Ba kowane mai sha kullum ke kaiwa can ba, sai dai daga gida ba a gane wanda zai kai. In ya taɓa jijjiga a baya, ko yana da hawan jini ko ciwon sukari, ko ya rame ba ya cin abinci, to kada ma ya fara sai likita ya gan shi. Ku je asibitin da ke kusa, ko babban asibitin Komfo Anokye, ku faɗi gaskiyar yawan abin da yake sha. Akwai maganin da ke kwantar da ƙwaƙwalwar, ana kuma ba da bitamin B1 wanda giya ke ƙarar da shi. Mai son bari kafin azumi, ya zo asibiti tun watan Sha'aban. Kuma ki daina jin kunyarmu, Hajiya, ba ke ce ta farko daga zango ba.

Hanta tana warkewa?

In kitse ne kawai ya taru mata, tana komawa daidai bayan an bar sha. In ta ƙanƙance ta yi tabo, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, tabon ya zauna, amma barin sha yana hana shi ci gaba. Mai ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Gana, ko ɗigo kada ya taɓa.

Yaro ya haɗa giya da tramol, yana ta minshari. Mu bar shi ya yi barci?

Wane barci? Dukansu biyu numfashi suke dannewa. In kun girgiza shi bai farka ba, ku kwantar da shi ta gefe, ba rigingine ba, kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja. Ku kira 112 ko ku nemi mota yanzu.