Ikilisiyar unguwa a Sudan

Ikilisiyar unguwa ita ce ƙaramar jama'ar Kirista da ke taruwa a majami'a guda, cikin unguwa ko ƙauye, ƙarƙashin fasto ko mai bishara tare da dattawa. A Sudan, inda ƙiyasin da aka fi ambata yake sa Kiristoci wajen kashi 5 cikin 100 na jama'a, aikinta ya wuce sujada: nan ake koyon karatu, nan ake haɗa kuɗin jinya da na jana'iza, nan kuma baƙon da yaƙi ya koro daga Duwatsun Nuba yake fara cigiyar danginsa. Hausawan Sudan Musulmi ne, don haka sanin da suka yi mata na maƙwabtaka ne da kasuwa, a Kartum, Umdurman, Gadarif, Kosti da Damazin.

Asali

Addinin Kirista ya daɗe a bakin Nilu. Masarautun Nubiya uku, Nobatiya da Makuriya da Alwa, sun karɓe shi a ƙarni na 6, ya kuma dushe bayan faɗuwar Soba, babban birnin Alwa, wajen shekarar 1500. Ikilisiyoyin yau ba daga can suka gangaro ba. Katolika sun shigo a ƙarni na 19, kuma Daniel Comboni, wanda makarantunsu ke ɗauke da sunansa, a Kartum ya rasu a 1881. Angilika sun zo a 1899 ta hannun Llewellyn Gwynne, 'yan mishan na Firesbiteriya daga Amurka suka biyo baya a 1900. Kibɗawa kuwa, wato mabiya tsohon cocin Masar, suna da nasu tsofaffin majami'u a Kartum da Umdurman.

Ƙungiyoyi biyu ne mutumin Arewacin Najeriya zai gane nan take, domin a ƙasarsa suka fara aiki, a zamanin da Turawa ke kiran dukkan yankin da ke kudu da Sahara da sunan Sudan. Sudan United Mission ta Karl Kumm ta kafa tasharta ta farko a Wase a 1904. Reshenta na Ostireliya da New Zealand ya isa Heiban, cikin Duwatsun Nuba, a 1920, daga nan aka samu Sudanese Church of Christ. Sudan Interior Mission, uwar ECWA, ta shiga Sudan a ƙarshen shekarun 1930 bayan Italiya ta kori ma'aikatanta daga Habasha. Ta zauna a Chali cikin ƙabilar Uduk da Doro cikin Mabaan, aikin da ya haifi Sudan Interior Church. Ke nan majami'ar Heiban da ta COCIN a Filato 'yan gida ɗaya ne, ko da yawancin masu sujada a cikinsu ba su taɓa jin labarin juna ba.

Ina Methodist?

Mai karatu da ya san ɗariƙar Methodist a Najeriya zai iya tambaya ko tana Sudan. Methodist ba ta cikin manyan ɗariƙun Sudan. Ƙananan ikilisiyoyinta a wannan yanki sun fi yawa a Sudan ta Kudu, wajen Yei. Duk da haka akwai zumunci na nesa. Cocin United Methodist na Najeriya, wanda ya yi ƙarfi a Taraba kuma ake sujada da Hausa a yawancin majami'unsa, ya tsiro ne daga wani reshen Amurka na Sudan United Mission da ya kafu a Bambur a 1923, ya ɗauki sunan Methodist bayan haɗewar da aka yi a Amurka a 1968.

Akwai kuma kamanni a tsari. John Wesley, wanda ya assasa Methodist, ya raba mabiyansa a Bristol, a 1742, zuwa ƙananan azuzuwa na mutum kamar goma sha biyu, kowane aji da shugabansa wanda ba limami ba ne, ana haɗuwa mako-mako, ana ba da ɗan abin da ya samu. Ya kuma dogara da masu wa'azi na sa-kai, fasto guda yana zagaya majami'u da yawa. Ikilisiyoyin Sudan ba daga Wesley suka kwaso wannan ba. Larura ce ta kai su can.

Masu riƙe da ita

A 1962 gwamnatin Janar Ibrahim Abboud ta kafa dokar taƙaita aikin mishan, aka fitar da 'yan mishan daga Duwatsun Nuba, sannan a 1964 aka kori waɗanda ke kudancin ƙasar. Majami'u da yawa suka wayi gari babu naɗaɗɗen fasto ko ɗaya a kusa. Wanda ya iya karatu ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya tsaya gaba. Tun daga lokacin mai bishara ne ƙashin bayan ikilisiyar ƙauye: manomi ne ko malamin firamare, shi ke jagorantar sujada, ya koyar da masu shirin baftisma, ya binne mamaci. Fasto sai lokaci-lokaci yake zuwa, ya yi baftisma, ya ɗaura aure, ya ba da Jibin Ubangiji. Dattawa su ke riƙe da baiko da sasanta rigima.

Amma idan ana maganar wanda ya san halin da kowane gida yake ciki, zumuntar mata ce. Su ke zagayen duba marasa lafiya da masu jego, su ke dafa abincin zaman makoki, kuma a cikinsu ake yin adashi, wanda Sudaniyawa ke kira sanduk. Da yawa daga cikin matan da suka yi gudun hijira zuwa Kartum da sayar da shayi a bakin titi suke ci da 'ya'yansu, kuma kwasar adashi kan zama jarin sayen murhu, butoci da kujeru. Littattafan tarihin coci sun cika lissafa bishop-bishop, su tsallake waɗannan mata, alhali da wuya majami'ar unguwa ta yi wata guda a tsaye ba tare da su ba.

Majami'a da mako

Yaƙin basasa na biyu, daga 1983 zuwa 2005, ya tara ɗimbin mutanen kudu da na Nuba a gefen babban birni, a wurare irin su Mayo, Haj Yusif, Jabal Auliya da Wad al-Bashir. Majami'ar irin waɗannan unguwanni takan fara ne da rumfa: 'yan sanduna, rufin zana ko buhuna, benci na laka, gicciye na itace, da tulunan ruwa a bakin ƙofa. In hali ya samu a yi gayya a ɗora bangon tubali da kwano. Rumfar nan ita ce ajin yara da safe, ajin yaƙi da jahilci da yamma.

Hutun mako a Sudan Juma'a ne da Asabar, Lahadi ranar aiki ce. Saboda haka ana yawan yin babbar sujada da yammacin Lahadi, taron matasa da gwajin waƙa kuma a ajiye su ranar Juma'a. Majami'a guda takan ɗauki jama'a biyu ko uku bi da bi, waɗansu da Larabci, waɗansu da Moro ko Dinka ko Nuer. Karatun Larabci daga fassarar Van Dyck ta 1865 ake yinsa galibi, mai wa'azi kuma ya sauko da shi zuwa Larabcin kasuwa. Ganga da kacau-kacau da guɗar mata ba sa rabuwa da waƙa. Lokacin Kirsimeti ƙungiyoyin mawaƙa sukan fita jerin gwano a tituna. Kibɗawa nasu bikin sai 7 ga Janairu.

Maƙwabtaka da Hausawa

Hausawa da Fulani sun zauna a Sudan ta hanyar aikin hajji da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na I, ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. A gonakin dawa da riɗi na Gadarif, da jihar Blue Nile, da unguwannin talakawa na Kartum, jikokinsu suna zaune kusa da Kiristocin Nuba da Uduk. Cuɗanyar ta yau da kullum ce. Mai agashe ya san lokacin tashi daga sujada. In an yi rasuwa aka kafa rumfa a titi, gidajen layin sukan fito da tiren abinci, a zagaya da takardar gudummawa kowa ya rubuta abin da ya bayar, ba tare da an tambayi inda yake ibada ba. Auratayya dai ba ta cika faruwa ba, kuma sauya addini abu ne mai nauyi ƙwarai a dangi.

Doka da yaƙi

Babbar matsalar ikilisiyar unguwa ita ce fili. Samun izinin gina majami'a ya yi wuya shekara da shekaru, don haka da yawa aka gina su ba takarda, kuma duk lokacin da hukuma ta zo sake fasalin unguwa sai rusau ya haɗa da su. Ko babbar majami'ar All Saints ta Angilika a Kartum, wadda aka keɓe a 1912, gwamnatin Shugaba Numeiri ta karɓe ta a 1971. Ɓallewar Sudan ta Kudu ranar 9 ga Yuli 2011 ta kwashe yawancin mutanen kudu, ta bar 'yan Nuba a matsayin mafi rinjaye a majami'u da dama. Ezekiel Kondo, wanda ya zama babban bishop na lardin Angilika na Sudan a 2017, ɗan Nuba ne. Bayan faɗuwar Omar al-Bashir a 2019 an maido da hutun Kirsimeti, a 2020 kuma aka soke hukuncin kisa kan ridda.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya watsa ikilisiyoyin Kartum da Umdurman. An lalata majami'u, an wawashe waɗansu, mayaƙa sun mamaye waɗansu. Jama'arsu suka bazu zuwa Port Sudan, Kosti, Gadarif, Masar da Sudan ta Kudu, inda majami'u da makarantu da masallatai suka zama masaukin 'yan gudun hijira, ana dafa abinci a tukunya guda a raba wa duk wanda ya zo da kwano.