Mishan na Gajeren Zango da Koyar da Turanci ga Yara Marasa Galihu

Mishan na gajeren zango tafiya ce da Kiristoci masu aikin sa kai ke yi zuwa wata ƙasa da sunan cocinsu, daga mako ɗaya zuwa 'yan watanni, wani lokaci har shekara biyu. Koyar da Turanci ga 'ya'yan talakawa, marayu da 'yan gudun hijira na cikin ayyukan da aka fi tura su yi, domin iyaye na ganin harshen a matsayin hanyar samun aiki. Yawancin masu tafiyar ɗalibai ne da matasan coci daga Amurka, Birtaniya, Ostareliya da Koriya ta Kudu.

Tarihi

'Yan mishan na dā sukan tafi ne da niyyar zama. Dokta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglikan, wanda makarantarsa ta Zariya ta koma Wusasa wajen 1929, ya shafe fiye da shekara arba'in a Arewacin Najeriya, Hausa ta zauna a bakinsa har ya yi aikin fassara da ita. Tafiyar 'yan makonni ba ta yiwu ba sai da kuɗin jirgin sama ya sauko bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1957 wani ɗalibi Ba'amurke, George Verwer, ya je Meziko da abokansa biyu a lokacin hutu suna raba Linjilar Yohanna, kuma daga nan ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo asali. Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission a 1960, wadda ta shahara da tsarin horo na kusan wata uku a aji, sannan wata biyu zuwa uku a fagen aiki. A 1961 gwamnatin Amurka ta buɗe Peace Corps, hukumar tura masu aikin sa kai zuwa ƙasashen waje, wadda ba ta addini ba ce, ta kuma tura rukunin farko na malamai zuwa Ghana. Wannan ya nuna wa coci-coci cewa matashi zai iya ba da lokaci kaɗan ya dawo gida.

Turanci ya zama babbar ƙofa bayan Sin ta buɗe wa baƙi a ƙarshen shekarun 1970, domin ƙasar ba ta karɓar mai wa'azi amma tana neman malami. An kafa English Language Institute/China a farkon shekarun 1980, sai gidauniyar Amity da Kiristocin Sin suka kafa a Nanjing a 1985, ita ma tana gayyato malaman Turanci. Bayan faɗuwar gwamnatocin gurguzu a 1989, sansanonin Turanci na hutun bazara sun yaɗu a Gabashin Turai. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow ya ƙiyasta cewa a tsakiyar shekarun 2000 kusan Amurkawa miliyan 1.6 ne ke irin wannan tafiya kowace shekara, ko da yake ba dukansu ke koyarwa ba.

Yadda ake gudanar da aji

Tawaga kan tara kuɗin tafiya daga 'yan coci da dangi, sannan wata coci ko makaranta ta can ta karɓe ta. Tsarin da aka fi bi shi ne awa biyu zuwa uku a rana, yara goma zuwa goma sha biyar ga malami ɗaya da mataimaki ɗan gari. Ranar farko ta gwaji ce, a raba yara bisa abin da suka sani, ba bisa shekarunsu kaɗai ba.

Darasin minti arba'in ba ya ɗaukar fiye da sabbin kalmomi shida zuwa takwas. Malami ya ɗaga katin hoto, ya faɗi kalmar, aji ya maimaita gaba ɗaya, sannan layi-layi, sannan ɗai-ɗai. Ga ƙananan yara ana amfani da dabarar James Asher ta haɗa magana da motsin jiki: a ce su tashi, su taɓa hanci, su nuna ƙofa, jiki ya amsa kafin baki. Rubutu a allo shi ne na ƙarshe.

Matsaloli

Babbar matsala lokaci ce. Ƙiyasin hukumar jarrabawar Turanci ta Cambridge shi ne ana bukatar awa 180 zuwa 200 na darasi kafin ɗalibi ya kai mataki na biyu daga ƙasa a ma'aunin iya harshe, alhali sansanin mako biyu, awa uku a rana, kwana biyar a mako, awa 30 ne kacal. Idan ba a bar rubutaccen bayanin inda aka tsaya ba, tawaga ta gaba takan sake farawa daga launuka da ƙidaya, har a ga yaro ya iya jera sunayen dabbobi goma amma ba zai iya tambayar inda ban-ɗaki yake ba. Maganin da ya fi aiki shi ne bin manhajar makarantar, malamin gida ya riƙe ajinsa, baƙo ya taimaka da furuci da hira.

Iya harshe dabam, iya koyar da shi dabam. Baƙo marar horo yakan yi sauri, ya cika surutu, ko ya jingina da tafinta har yara su daina sauraron Turancin. Takardar shaidar koyar da Turanci ta CELTA tana ɗaukar kusan awa 120, shida daga ciki na koyarwa a gaban mai dubawa, kuma masu tafiyar mako biyu kaɗan ne ke da ita.

Kare yara

Gidajen marayu su ne wuri mafi haɗari. Yaro ya shaƙu da baƙo, a rabu bayan kwana goma, wani ya zo a sake, wannan yana taɓa lafiyar zuciyarsa. Binciken da UNICEF ta tallafa a Kambodiya a 2011 ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na yaran gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye, kuma kuɗin baƙi na cikin abin da ke ƙara yawan gidajen. A 2018 Ostareliya ta amince cewa safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje nau'i ne na bautar zamani. Ƙa'idojin da ake bi sun haɗa da takardar 'yan sanda kan halin mai tafiya, hana babba keɓewa da yaro, da hana ɗaukar hoto ba da izinin iyaye ba.

Doka da muhawara

Koyarwa da bizar yawon buɗe ido laifi ne a ƙasashe da dama. Dokar Nepal da ta fara aiki a 2018 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara biyar ga mai sauya wa wani addini. Masana irin su Alastair Pennycook da Julian Edge sun soki fakewa da darasi domin wa'azi, yayin da masu kare aikin ke cewa babu laifi muddin an faɗa wa iyaye gaskiya tun farko.